Masaukin Albasarmu a Bakin Teku

Tun ran da na dawo Karofane ban sha fura cikin kwanciyar rai ba. In na zamna dandali sai a kewaye ni. Arzika, yaya teku take? Arzika, da gaske ba a hangen ƙetarenta? Har tsofaffin da sunka ce ba ni dawowa da ko buhu wofi sun aiko a tambaye ni ko gaskiya ne mutanen can suna cin kaguwa. Bakina ya gaji. Shi ya sa na tono kayen da na baro lakwal da shi, littafin rubutun nan mai shuɗin bango, nac ce bari in zuba labarin ciki da ɗan bokon da ya saura a kaina. Wanda ya iya karatu shi karanta ma wanda bai iya ba, ni a bar ni in huta.

Kun dai san ni. Shekara uku na yi lakwal ta Madawa na gudo. Anka kai ni wurin maɗinki, wata huɗu na aje allura. Babana cewa shike ni ban taɓa ganin ƙarshen komi ba, ko rijiya na fara gina sai na bar ta iyakar gwiwa. To, ran wata kasuwar Madawa na ji wani tsohon soja da ya dawo daga yaƙin Nasara shina ba da labari, wai can bakin teku albasa guda sai an raba ta huɗu kafin a saida, don tsada. Mu kuwa ga ta nan muna tara ta cikin rudu, rumfar ajiyarta, har ta tsiro, abin da fatake ke ɗauka daga gare mu gabu ne kawai, busasshen ganyenta. Tun daga ranar maganar ta hana ni sakat.

Damina ba ta yi kyau ba shekaran nan, rumbunmu ko rabi bai kai ba. Albasar garkarmu ita ce za a saida a sayi hatsin da zai kai mu kaka. Na yi ta naci har inna ta sa baki, maƙwabta biyu su ma sunka ƙara nasu buhunan. Babana ya yarda da sharaɗi guda, sai in Kawu Nomau, wan innata Tani, shi ne madugu. Shi ya taka Gwanja sau biyu da ƙafa neman goro tun shina saurayi.

Ran da za mu tashi babana bai yi mini doguwar magana ba. Yac ce, "Abincin gidan ga ne ka ɗauka. In ta ruɓe ba kai kaɗai za ka kwana da yunwa ba."

Agali, wani Buzu abokina na wajen Ibohamane, shi ya kai mana kayan Madawa bisa raƙuma. Niyyarshi shi juya gida. Da ya ga motar da za ta ɗauke mu, ya kewaya ta sau biyu, sai ya miƙa ma ƙanenshi akala yac ce shi ma za shi, shi ga inda ƙasa ta ƙare.

Motar ta wani ɗan kasuwa ce na Lome. Ta kawo ma kumandan siminti da kwanon rufi, za ta koma wofi. Shofer ɗinta Kojo, gajere mai ƙaton ciki, Hausarshi ta kasuwa, Faransancinshi ya fi nawa nesa. Gawayi motar ke ci. Tun lokacin yaƙi da mai ya yi wuya anka ɗaura mata wata tukunyar ƙarfe a gefe, kowace safiya sai an hura ta awa maƙera kafin ta yarda ta motsa. Madam Kojo ke ce mata.

"Madam ba ta so sauri," in ji shi, muna tsaye rana na dukanmu.

Agali yac ce, "Raƙumina in ya ƙi tashi na san inda zan doka. Wagga ina kunnenta?"

Ita ce ta zama ɗakinmu. Da rana muna bisa buhuna, in mun sauka mu shimfiɗa tabarmi ƙarƙashinta, mu dafa abinci da garwashinta. Wurin sauka kuwa Kawu ke zaɓa, ba Kojo ba, kuma abu uku shike dubawa, ruwa da inuwa da mutane. Daga Konni har Doso bai yi kuskure ko sau guda ba. Kusa da Dogon Dutsi Kojo ya so mu tsaya cikin wani ƙori, busasshen rafi mai rairayi fari tas, mai daɗin shimfiɗa. Kawu ya ƙi. Sama babu ko ɗigon gajimare, amma ya kama hannuna ya gwada mini tarkacen kara da ciyawa da sunka maƙale jikin sabara, a jere, iyakar ƙuguna.

"Ka ga wancan? Nan ruwa ya taɓa zuwa. Inda ya taɓa zuwa ya san hanya."

A Gaya munka sa motar cikin jirgin fito don ƙetare kogi. Agali ya kwanta rub da ciki bisa buhuna, ya ja rawani ya rufe ido, babu surar da bai karanta ba. Ƙetare wani gardi ya dubi takardunmu, ya soka yatsa cikin buhu, ya sansana.

"Albasa za ku kai kudu? Yanzu? Kun san can an fara ruwa?"

Munka yi dariya. Tsakiyar bazara ce, a lissafinmu saura wata biyu kafin a ga hadari. Kawu yac ce mutumin ba'a shike yi mana don ya ga mu baƙi ne.

Ƙasar Dahome sai da munka wuce Paraku ta fara ba mu mamaki. Gaisuwarsu gajera ce, kalma biyu an wuce. Kawu ya tsaida wani dattijo zai tambaye shi gajiya da iyali da dabbobi, kafin shi kai ga iyali mutumin ya sha kwana. Kasuwa duk hannun mata take, su ke ciniki, su ke faɗa, mazan na gefe. Miyarsu ja wur da manja, barkono kuwa awa da gayya. Kawu ya tambayi mai tuwo wa ya yanka naman, ta dube shi ba ta gane ba, daga nan ya koma ma gasasshiyar doya har kwana shida.

A Sabe ruwan farko ya same mu. Ɗigon na faɗowa Kawu ya ɗaga hannu sama shina godiya, Agali ya fidda akushinshi ya tara, ni ma na buɗe baki ina dariya. Mutanen Adar ne mu, ba mu iya ganin ruwan sama mu ɓata rai ba. Sai can munka juya mu uku lokaci guda munka dubi buhunan. Munka ja tantin motar munka rufe su ruf, munka ɗaure ko'ina tamau don kada ɗigo shi shiga. Mun ɗauka dabara munka yi.

Daga Kotonu hanya ta bi bakin teku har Lome. Gaba da Lome kaɗan iyaka take. Itace guda anka gitta bisa hanya, tutar Faransi nan, ta Ingilishi can. Mutanen nan da na can harshensu guda, mata na wucewa da tire bisa kai suna ma masu gadi ba'a. Mu kasuwar Keta munka nufa, cikin ƙasar Ingilishi, inda matan Ankara ke zuwa sari. Sai ma'aikacin duwan, wato kwastan, yac ce motar ba ta ƙetarewa sai da hannun wani Nasara bisa takarda, shi kuwa ya tafi rangadi. Na haɗa Faransancin lakwal na tambaye shi ko mu ɗauki 'yan dako su ƙetare da kayan. Yac ce mota da kaya takardarsu guda, ba a raba su.

"Yaushe zai dawo, mushe?" in ji ni, yadda muke kiran malaminmu a lakwal.

"Gobe. Ko jibi."

Masu saye na wannan gefen sun ji labari, sunka zo suna taya mana abin da ko a Madawa ba mu saidawa. Kawu ya kore su. Ya zama dole mu nemi masauki.

Akwai zangon Hausawa nan kusa, bayanshi wani babban tafki mai sauro. Maigida Salau shi ke sauke fatake, can anka haife shi, ubanshi Bakatsine. Ya tarbe mu awa danginshi. Ranar munka ci tuwo da miyar kuka, Kawu ya kusa hawaye. Ga masallaci, ga rijiya kamu biyu ka taɓa ruwa, ga itatuwan mangwaro da rana ba ta ratsa su. Anka aje Madam gindin mafi girma, Kojo ya tafi wurin matarshi Lome. Don karamci Maigida Salau ya buɗe mana ɗakin ajiyarshi mafi kyau, mai duhu, mai sanyi, ƙasanshi da laima, anka shigar da rabin buhunan, sauran na cikin mota ƙarƙashin tanti.

Kawu ya miƙe ƙafa bisa tabarma yac ce mini, "To ɗan Tani, ka gani. Ruwa, inuwa, mutane. Ka riƙe wanga."

Gobe ta wuce, jibi ta wuce, babu Nasara. Rana ta uku na je ɗauko rigar da na wanke tun ran da munka iso, na iske ta da danshi, har ta fara wari. Na shiga ɗakin ajiya na kwance bakin buhu na tura hannu har gwiwar hannu. Ɗumi na ji, irin na ƙarƙashin kaza mai kwanci. Na zaro guda, na danna wuyanta, babban yatsana ya shige.

Na kai ma Kawu. Ya juya ta ya jefar. "Guda ce. Ko a gida ana samun guda."

Ban iya zama ba. Na ja Agali munka fita, ƙafa ta kai mu bakin teku, tafiyar da ba ta kai daga gidanmu zuwa garka ba. Agali ya matsa don shi taɓa ruwan da yatsa shi samu abin faɗi a gida. Ruwan ya ja baya awa mai tsoro, ya bi shi taki biyu, sai ga wani ya taso ya fi shi tsawo ya maka shi ƙasa. Ya tashi shina tari, rawani ya kwance, bakinshi a waje gaban matan da ke shanyar kifi. Kun san Buzu da bakinshi, ba shi yarda a gan shi a buɗe. Ya rufe fuska da hannu biyu shina zagina da Buzanci, wai ni na kawo shi. Wata tsohuwa mai ƙiba ta yi dariya har ta zamna ƙasa.

Na shanya mashi rawanin bisa wani kwalekwale da anka kife, na tsaya gabanshi ina kare shi. Ban gama ba shi haƙuri ba na taɓa rawanin na ji ya bushe ƙayau. Kamu goma na baƙin zane. Rigata kuwa kwana uku cikin zango.

Sai lokacin na lura da iskar. Ba ta tsayawa. Tudun rairayi ne dogo tsakanin teku da gari, babu komi bisa sai itatuwan kwakwa da bukkokin masunta da ƙananan kifi da anka baza suna bushewa. Babu rijiya, babu masallaci, ga aladu na yawo. Duk abin da Kawu ke nema a masauki babu shi nan. Amma a gida ina muke aje albasa? Bisa rudu, sama da ƙasa, iska na shiga ta ko'ina.

Na koma da gudu na gaya mashi.

Yac ce, "Kai ɗan Tani, mutum ya ba ka ɗaki ya ba ka tuwo, ka kwashe kayanka ka kai wurin masu aladu? Gobe wane Ba'adare zai sauka gidan ga a dube shi da mutunci?"

"Kawu, albasa na mutuwa."

"In ta mutu Allah ya kashe ta. Kunyar kuwa kai za ka jawo ta da hannunka. Ka ji Nasaran gobe zai dawo."

"Shekaranjiya ma gobe anka ce."

"Kai da ba ka iya zaman wuri guda. Kwana uku ya yi maka yawa, shi ke nan ka samo dalili."

Wagga ta soke ni, don na san daga bakin wa ya ɗauko ta. Na tashi na fita. Abin da na yi bayan nan bai kamata ba, na sani, yaro ba ya tsallake madugu shi je ga mai masauki. Amma na je. Na iske Maigida Salau shina yayyafa ma huhun goro ruwa, na durƙusa, na aje ruɓaɓɓun albasa uku gabanshi.

Ya dube su. Yac ce, "Wanda duk ya sauka nan ni ke saida mashi kaya. Haka na gada."

"Kai za ka saida, Baba. Kawu na nan gidanka, tabarmarshi na nan, tuwonka zai ci. Ba mu tashi ba. Albasa ce kaɗai za ta je shan iska, in takarda ta fito ta dawo hannunka."

Ya ɗauki guda ya matsa, ruwa ya fito. Ya daɗe shina kallon ɗakin ajiyar nan nashi. Sai ya yi dariya kaɗan. "Ni goro na sani. Shi duhu shike so da laima, tun ina yaro aikina ɓoye shi daga iska. Kawunka ma ɗan goro ne. Mun ba albasarka masaukin goro." Ya share hannu ga riga. "Kwashe ta. Ni zan gaya ma dattijon ni na ce."

Kawu bai hana ba, bai kuma taimaka ba. Ya juya mana baya shina jan tasbaha har munka gama lodi.

Da Kojo ya zo ya ji inda za mu, ya riƙe kai. "Madam ba ta taka rairayi." Gaskiyarshi. Taki ashirin daga bakin hanya ta nutse har ciki, tana ta hayaƙi. Allah ya sa ranar masunta ba su shiga teku, suna da ranar da al'adarsu ta hana. Tsohuwar nan da ta yi ma Agali dariya, Afi sunanta, mu Inna Afi muke ce mata, ta buga tsawa guda, sai ga maza sun fito da igiyar jan taru mai kaurin damtse. Sunka ɗaura ma Madam, wani ya ɗauki waƙa, sauran na amsawa suna ja da baya taki guda guda, awa yadda suke jawo kifi. Kojo na ciki shina riƙe da sitiyari awa ango.

Ni da kaina na fara yin kuskuren gida. Na gwada masu gindin kwakwa, inda ke da 'yar inuwa. Inna Afi ta buga tafin hannu bisa kanta ta nuna sama. Ban gane ba sai da guda ta faɗo bisa hancin motar ta lotsa shi, Kojo ya yi ƙara awa shi anka jefa. Munka matsa gaba. Can ƙasa akwai wani fili mai tauri, sumul, mai daɗin aiki. Har na ɗaga hannu in ce nan, sai idona ya faɗa bisa wani layi a rairayi, guntayen itace da ɓawon kwakwa da ƙashin kifi, a jere, sama da filin. Irin na jikin sabara a Dogon Dutsi. Na hau sama da layin taki goma sha biyar, bisa ƙoƙuwar tudun, inda rana ta fi zafi iska ta fi ƙarfi, nac ce nan. Inna Afi ta gyaɗa kai.

Na tambaye ta da hannu ta ina ruwan sama ke zuwa, ta nuna. Munka gitta motar ta wannan gefen. Bayanta munka kafa rudu biyu da sandunan masunta da zarban kwakwa, tsawon ƙugu daga ƙasa, munka ɗaga tanti can sama bisa dogayen sanduna awa rumfar kasuwa, gefuna a buɗe. Sannan munka zazzage buhunan duka.

Ba ni son tuna warin. Na cikin ɗakin goro sun fi lalacewa, wani buhun in ka ɗaga shi ruwa ke zuba. Munka zamna ni da Agali muna dubawa guda guda. A danna wuya, a sansana, a aje. Mai kyau bisa rudu, ba a ɗora wata kan wata ba. Ruɓaɓɓa rami. Wadda ta fara laushi gefe. Kuma ba aikin rana guda ba ne, don wadda ka wuce yau da kyau gobe sai ka iske ta ta kamu, in ba ka fidda ta ba ta shafa ma na kusa da ita. Kullum daga farko, kowace sai an juya ta.

Masu laushin nan su sunka ciyar da mu. Matan masunta na karɓa su yi miya ranar, su kawo mana ruwan sha a tulu da dokunu, wani tuwon masara mai tsami a naɗe cikin ganye, da kifi mai hayaƙi. Ni na ci har na saba. Agali kuwa yac ce kakanninshi ba su ci abin da ke numfashi cikin ruwa ba, shi ma ba shi farawa. Garin rogo ya riƙe, sai ruwan kwakwa. Ran da ya fara sha ya daɗe shina kallon itacen, yac ce, "Ashe su taguwarsu tsaye take." Ya jera duwatsu ya kewaye mana wurin salla awa yadda suke yi a daji. Alade guda ya shiga sau ɗaya. Inna Afi ta ga fuskokinmu, daga ranar ba mu sake ganin alade a tudun ba.

Kowace safiya Kojo shi biya duwan shi zo shi ce gobe. Rana ta huɗu a tudun yac ce in zo shi kai ni Lome in ga jiragen ruwa da gadar ƙarfe da ta shiga cikin teku. Wallahi ƙafata ta yi ƙaiƙayi. Don irin wannan na baro gida. Na dubi rudu na biyu da ban juya ba, nac ce mashi wata rana.

Rana ta shida da azahar sai ga Kawu da akushin tuwo, wai Maigida ya aiko shi. Bai gaishe ni ba. Ya kewaya rudun, ya girgiza sanda, ya ja igiya.

"Wa ya yi wanga ƙulli?"

"Ni."

"Ɗaurin ɗiyan lakwal."

Bai rufe baki ba gabas ta yi baƙi. Hadarin can ba ya ba da lokaci awa namu. Masunta sunka ruga suna jan jiragensu sama, iska ta juya, tanti ya kumbura ya fara ɗaga sanduna. Ƙullin nan nawa shi ya fara kwancewa. Kusurwar tanti ta tashi sama tana bulala, ruwa ya fara dukan albasa. Na yi tsalle na kama, ta ɗaga ni ta yar. Kafin in tashi na ga Kawu, tsoho mai ciwon gwiwa, ya rataya jikinta da nauyinshi duka, hularshi ta tafi, shina kiran Agali shi miƙo igiya. Ya naɗa ta ga ƙafar motar ya yi wani ƙulli na fatake da hannu guda da haƙori. Munka riƙe sauran kusurwoyin mu uku da Inna Afi har ruwan ya wuce.

Gefe guda ya jiƙe. Na tsaya ina kallo, nac ce a raina shi ke nan. Sai iskar teku ta dawo wurinta. Munka baza jiƙaƙƙun, muna juyawa, kafin la'asar sakaliya ɓawonsu ya koma ƙara awa takarda. Kawu ya ɗauki guda ya murza kusa da kunne. Ya zamna ya jawo tuli gabanshi ya fara danna wuya. Daga ranar kullum da hantsi shina nan, amma kwana sai zango, don kada a ce baƙon Maigida Salau ya tashi.

Kwana goma sha ɗaya munka yi bisa tudun kafin Nasaran shi dawo shi sa hannu, abin da bai ɗauke shi lokacin shan ruwa ba. Masunta sunka sake jawo Madam zuwa hanya. Na bar ma Inna Afi rudun, ta ce zai yi mata shanyar kifi. Kashi guda cikin uku na albasar na cikin rami, biyu sunka hau mota.

A Keta Maigida Salau ya yi dillancinshi. Wata mata ta Ankara mai zobba a kowane yatsa ta sa anka zazzage buhu uku. Ta danna, ta sansana, ta ɓare guda ta gatsa ɗanya ko ido ba ta ƙifta ba. Ta yi magana, Maigida ya juya mana.

"Wai wa ya aje wagga albasa cikin damina ba ta mutu ba?"

Kawu ya nuna ni da haɓa. Ta kwashe duka.

Dawowa ba ta da labari, jirgin ƙasa har Paraku, daga nan mota. A Madawa munka sayi hatsi, namu da na maƙwabta, raƙuman Agali sunka kawo shi har ƙofar gida. Babana na zaune zaure shina gyaran igiyar guga. Ya dubi raƙuman ya ci gaba da aikinshi. Kawu ya ba shi labarin duka, har da maganar ɗakin goro, bai ɓoye nashi ba. Da ya kai wurin tudun babana ya ɗaga kai.

"Kwana nawa?"

"Goma sha ɗaya."

"Wuri guda?"

"Ko Lome bai leƙa ba."

Babana ya dube ni. Sannan yac ce, "Rudun bayan gida ya karkace tun bara. Tunda an ce ka iya."

Jiya na gama shi, da ƙullin Kawu.

Teku kuwa, ku da kuke ta tambaya, ku yi haƙuri. Iskarta na watsa rairayi da gishiri cikin ido, rudun kuma ta wajen gari shike, don haka duk kwanakin nan baya na ba ta. Ƙararta na sani, da ɗanɗanonta a leɓe. In kamarta kuke son ji ku tambayi Agali, shi ya shiga ciki.